Don me aka mayar da auren Rabi?

Maman Ilham, Zariya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa.

Ni malamar firamare ce, kuma na yi kusan shekara biyu ban riƙe wani littafi ba in ban da na aji. A hutun da ya wuce muka je kwashe kayan ƙanwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sai muka buɗe wata tsohuwar adaka. Can ƙarƙashin zannuwa na tarar da littattafai an ɗaure su da tsumma, gara ta ɗan taɓa gefensu. A ciki akwai Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Na sha jin sunansa, ban taɓa karanta shi ba. Dare biyu na yi a kansa da fitilar waya, don ba wuta, yara suna barci a gefena.

Ga wanda bai karanta ba: Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, 'ya'yansu tara. Yana da hali amma gidansa na cikin ƙunci. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran da guminta, har ta aurar da 'yarta Saudatu gidan rufin asiri. Shi kuma gobarar kasuwa ta cinye masa dukiya, Delu ta nuna masa ainihin halinta, ya wayi gari ba shi da komai.

Har zuwa nan ina karatu ina share hawaye, domin Rabi Innata ce. Mu shida ne a ɗakinmu. Da mahaifinmu ya ƙara aure, Allah ya gafarta masa, cefanen ɓangarenmu ya yi ta raguwa har ya tsaya cak. Inna ta sa tanda a zaure ta fara waina. Tun kafin kiran assalatu take tashi ta hura wuta, ni ce mai fifita mata. Na tuna gwangwanin madarar da take tara sulalla a ciki, da yadda take juye shi kan tabarma bayan isha'i tana kasawa: wannan na shinkafa, wannan na mai, wannan na makaranta. Kuɗin jarrabawata ta fita sakandare a bakin zane ta ƙulle su, ta raka ni har ƙofar ofis don kada su faɗi a hanya. Har yau in na ji ƙamshin waina da asuba ƙirjina yakan yi nauyi.

To sai ga ƙarshen littafin. Manya suka taru a kan Rabi, ana ba ta haƙuri ana matsa mata, har aka mayar da auren. Mutumin da ya watsar da ita ya dawo hannunta, ita ce kuma za ta ci da shi. Na rufe littafin na kasa barci. Raina ya ɓaci ƙwarai, kamar ni aka yi wa.

Tambayata ke nan: me ya sa marubuciyar ta yi haka? Alƙalami a hannunta yake, da ta so da ta bar Rabi ta huta. Ko ni ce ban fahimta ba? Sannan ina son jin abin da ku kuka karanta kwanan nan da ya tsaya muku a rai, na ƙirƙira ne ko na tarihi, don ina so in ci gaba kafin a koma makaranta.

Tsohon Malami, Katsina:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mamatanmu, ya saka wa Innarki da Aljanna.

Kin fahimta sarai, kuma ɓacin ran da kika ji shi ake so ki ji. Ina ganin da ta bar Rabi ta yi zamanta, da kin yi murmushi kin yi barci, da safe kin manta. Ta rubuta abin da ake yi ne a gidajenmu. Ki dubi su wa suka zauna suka yanke hukuncin, ki dubi ko an tambayi Rabi abin da take so. Ita marubuciyar, ƙanwar marigayi Janar Murtala ce, amma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya. Ta san yadda ake zama a yanke wa mace magana ba da ita ba. Alhakin ya bi ubangidansa kamar yadda sunan ya ce, sai dai da ya iske shi, Rabi aka ɗora wa jinyar.

Ni kuma idona ya yi rauni, jikana ne ke karanta mini bayan la'asar. Makon jiya muka gama Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da aka yi a 1933 a garinku Zariya, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Na koyar da shi a aji ban san adadi ba, kullum hankalina yana kan Umar: yadda aka sace shi yana yaro, yadda Balarabe Abdulƙarim ya tsallaka hamada da shi ya riƙe shi kamar ɗa, yadda ya zama shaihi. Wannan karon ban ga kowa ba sai uwarsa. Mace ta baro gida neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, ta yi ta shan wuya har Tarabulus. Da Allah ya haɗa su, ba ta daɗe ba ta cika. Da yaron ya kai wurin sai na ce ya dakata, na tashi na yi alwala. Shekaru ina tambayar ɗalibai garuruwan da Umar ya bi, ban taɓa tambayarsu komai game da wannan baiwar Allah ba, kuma abin yana damuna.

Ummu Sadik:

Ni dai Anti ban ga laifin komawar ba. 'Ya'ya tara fa. Ubansu ne ko ya yi kyau ko bai yi ba, kuma in ya wulaƙanta a titi su za a nuna da baki, har Saudatu a gidan mijinta. Ba don shi ta koma ba. Yayata ta yi irin wannan komawar, yau shekara 8, ba ta ce tana jin daɗi ba amma yaranta sun natsu.

'Yar Damagaram:

Sannu Yaya. Ban sami na Hajiya Balaraba ba a nan, amma labarin da kika bayar ya sa na ɗauko wanda na sake karantawa watan jiya. Da Faransanci yake, Une si longue lettre, wato doguwar wasiƙa, na Mariama Bâ 'yar Senegal, ya fito a 1979. Mun yi shi a lakwal, lokacin haddace shi kawai muka yi don jarrabawa.

Ramatulaye malamar makaranta ce kamar ke, a Dakar. Tana cikin takaba take rubuta wa ƙawarta A'isatu wasiƙa. 'Ya'yanta goma sha biyu, kuma mijinta Modu ya auri ƙawar 'yarsu ta fari, ya tattara ya koma can, bai sake ta ba bai kuma waiwaye ta ba har ya mutu. Abin da ya sa nake so ki nema shi ne, littafin ya ajiye hanya biyu gefe da gefe. Ita A'isatu da aka yi mata kishiya ta kwashi 'ya'yanta huɗu ta tafi, ta ƙaro karatu, ta sami aiki a ofishin jakadancin ƙasarsu a Amurka, har ita ce ta saya wa ƙawarta mota. Ramatulaye kuwa ta zauna. Marubuciyar ba ta zagi ko ɗaya ba.

Wurin da na fi so shi ne ranar sadakar arba'in, da yayan mijin, Tamsir, ya shigo ya ce in ta fita takaba shi zai aure ta, kamar dai tana cikin kayan gado. Ta buɗe baki ta wanke shi tas, bayan shekaru talatin tana haɗiye magana. Na karanta shafin sau uku. Ina jin wannan bakin ne kika so a ba Rabi.

Ɗan Fari, Mararaba:

Anti ni gyaran waya nake yi, yawancin karatuna a waya ne, amma wani kwastoma ya bar mini Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG a 2016. Na ɗauka ne don an ce a nan Mararaba labarin yake.

Gaskiya ban ji daɗin alaƙar Hajiya Binta da Reza ba. Bazawara mai shekara 55 da yaro ɗan daba mai sayar da wiwi, haram ce ƙarara, akwai shafukan da na tsallake. Abin da ya riƙe ni daban ne. Binta tana da ɗan fari da ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, Yaro take ce masa, ba ta jawo shi jiki, har 'yan sanda suka kashe shi ba ta nuna masa tana son sa ba.

Ni ma ɗan fari ne. Shekarata 27, ban taɓa jin sunana a bakin Umma ba. In na je gida Keffi sai ta ce wa ƙanwata, “Ki ce wa wancan abincinsa na nan.” Amma kwanon nawa ne kullum da nama biyu. Ina yaro na ɗauka ba ta so na. Da na gama littafin na kira ta ba tare da wani dalili ba, ta ce lafiya, na ce lafiya lau gaisuwa ce. Muka yi shiru, sai ta ce in riƙa cin abinci.

Maman Ilham, Zariya:

Na gode muku duka. Allah ya gafarta Malam, maganarka ta zauna mini, musamman ta jinyar. Ƙanwata ta Damagaram, an ce akwai fassararsa ta Turanci, na sa a duba mini. Ummu Sadik, ban ƙi taki ba, amma har yanzu ina ganin ko don 'ya'ya ne, ya kamata a ce ita ta zaɓa da bakinta.

Na yi jinkirin amsawa ne don wata abokiyar aikina ta ara mini Baba of Karo, shi kuma ba ƙirƙira ba ne. Wata tsohuwa ce, Baba, da aka haifa a 1877, ta zauna da Baturiya Mary Smith a Giwa, nan kusa da mu, tsakanin 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi ba. Ta ga zamanin rinji, wato ƙauyen bayi, da harin bayi, ta ga yadda ake sace mutane a je a fanso su, ta ga zuwan Turawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne aurenta huɗu. Na fari auren zumunta ne, ba ta son sa, ta yi wa iyaye biyayya na wasu shekaru sannan ta fita, kuma tana ba da labarin ba tare da jin ta yi abin kunya ba. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ana kawo mata ƙara tana sulhu. Na taso ina jin cewa matan dā ba sa fita daga aure sai gawarsu, sai ga wadda ta girmi kakata tana faɗin akasin haka. Ɗan Fari, har kunyar ɗan fari ta yi bayaninta, ka neme shi.

Ranar Juma'a na je gida da littafin Hajiya Balaraba. Inna ba ta yi boko ba, sai na karanta mata, tana tsinke zogale a faranti. Mun kwana biyu muna yi. Ba ta ce uffan ba sai wurin da Rabi ta fara sayar da abinci, nan ta tambaye ni ko an faɗi wa ya ba ta jari. Da muka kai ƙarshe na ce, “Inna, da ke ce za ki koma?”

Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce lokacin da Babanmu ya kwanta ciwon ajali, wata bakwai, ita ce take dama masa kunu ta aika, don amaryar ta tafi garinsu. Ni ina makarantar kwana a lokacin, ban taɓa sani ba. Na ce wa ya sa ta. Ta ce ba wanda ya sa ta, kuma da an taru an ce dole ne, da ba ta dama ba.

Sai ta miƙo mini farantin ta ce in ƙarasa tsinkewa, magariba ta kawo jiki.