Wace kalma za mu ba "usage die" da Hausa?

Sarkin Baka: Salamu alaikum. Masu jagorancin wasan labari na tebur, wanda kowane ɗan wasa ke ɗaukar matsayin wani a cikin labari, sun san wahalar ƙidayar kibau: kowane harbi a goge 20 a rubuta 19, kafin a tashi takarda ta huje, rabin 'yan wasa ma sun manta. Dabarar da wasan The Black Hack ya yaɗa a 2016 ta rage wannan. Maimakon adadi, sai a ba kwarin kibau dayis guda, a ce mai fuska 8. In aka jefa shi bayan an yi harbi ya ba da 1 ko 2, a sauko zuwa mai fuska 6, daga nan mai 4. In mai 4 ya ba da 1 ko 2, kwari ya ƙare. Sunansa da Hausa nake nema. "Dayis ɗin amfani" ya zauna?

Uwar Tebur: Wa alaikumus salam. Bai zauna ba, Malam. Mai ji zai ɗauka dayis ne mai fa'ida. Aikinsa nuna abin da ya rage, don haka "dayis ɗin saura" ya fi.

Mai Lissafi: Hajiya, matsalar "saura" ita ce tana sa ɗan wasa ya zaci adadi ne. Mai fuska 8 ba kibiya 8 ba ce. A matsakaici yana jure jifa 4 kafin ya sauko, mai 6 jifa 3, mai 4 jifa 2, jimilla 9. Daga mai 12 ta kan mai 10, jifa 20 ke nan. Amma matsakaici ne kawai: kwarin da ke kan mai 6 yana iya ƙarewa a jifa biyu jere, sau ɗaya cikin shida. Wannan fargabar ita ce daɗin tsarin. Ina ba da "dayis ɗin guzuri".

Uwar Tebur: Kibiya guzuri ce?

Mai Lissafi: Duk abin da matafiyi ya ɗauka yana ci yana raguwa guzuri ne. Kuma da dayis ɗin nan ake bin man fitila, ruwa da abinci. Kalma ɗaya ta ɗauke su duka.

Sarkin Baka: Na karɓa. Abu biyu ke ɓata shi a tebur. Na farko jifa bayan kowane harbi: an ninka jifa, ya fi ƙidayar cin lokaci. A bari sai faɗa ya lafa, wanda ya yi harbi ya jefa sau ɗaya. Na biyu rabo. In maharbi zai ba abokinsa kibau, ya sauko da nasa mataki ɗaya, abokin ya samu mai 4. In ya sayi dami, ya hau mataki ɗaya, kada ya wuce inda kwarin ya fara.

Uwar Tebur: A ƙara da cewa ba komai ake sa wa ba. Kibiyar tsafi guda uku, ko bindiga mai cin harsashi shida, a ƙirga su ɗai-ɗai, don sanin cewa harsashi ɗaya ya rage shi ne armashin wurin. Saukowar fa, me za mu ce?

Mai Lissafi: "Guzuri ya ja baya." In mai 4 ya faɗi, "guzuri ya ƙare." A takardar ɗan wasa kuma a rubuta G8, G6, G4 a gefen kwari.