Bakwai ne ko huɗu? Yawan abin da kai ke riƙewa a lokaci guda

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum jama'a. Me ya sa idan aka karanto wa mutum lambar asusun banki, goma kacal, kafin ya gama dannawa na tsakiya sun ɓace masa? Wasu na cewa abu bakwai ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda, wasu su ce huɗu. Wanne ne gaskiya?

Malamar Aji:
Wa alaikumus salam. Duka biyun suna da tushe. Bakwai ɗin na masanin halayyar ɗan Adam George Miller ne, a 1956: bakwai, a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya nuna cewa idan aka hana mutum maimaitawa a zuci da haɗa abubuwa rukuni-rukuni, kusan huɗu ne ke tsayawa.

Kuma dunƙule ake ƙirgawa, ba ɗaiɗaikun lambobi ba. Ga ɗan Najeriya, 1960 dunƙule ɗaya ne, shekarar 'yancin kai. Ga wanda bai san tarihin ba, abu huɗu ne. Don haka ka yanka goman gida uku: 3-3-4. Na tsakiya kuwa, na farko sun sha maimaici, na ƙarshe suna nan a kunne, su ne marasa gata.

Baban Yara:
Malama ta yi daidai, sai dai akwai batun lokaci. Alan Baddeley da abokan aikinsa sun gano a 1975 cewa abin da mutum ke riƙewa ta sauti bai wuce abin da bakinsa zai iya furtawa cikin kamar daƙiƙa 2 ba. To ku duba ƙirgarmu: ɗaya, biyu, uku, har tara, kowace gaɓa biyu ce, sifili ma uku. Ta Sinanci gaɓa ɗaya-ɗaya ce, shi ya sa masu jin harshen sukan riƙe lambobi fiye da masu Turanci. Ga kuma kamannin sauti, wanda ke rikita jeri: biyu da biyar, bakwai da takwas. A nan kuskure ya fi saurin shiga.

Mai karantowa ya dakata tsakanin rukuni, kuma ya yi shiru bayan ya gama. A gwajin da masana Lloyd da Margaret Peterson suka yi a 1959, haruffa uku kawai aka ba mutane, aka sa su ƙirga lambobi da baya-baya don hana su maimaitawa. Bayan daƙiƙa 18 kusan duk sun zube.

Ɗan Zazzau:
Na gode. To atisaye zai faɗaɗa ƙwaƙwalwar?

Malamar Aji:
Dabara yake ƙarawa, rumbun na nan yadda yake. Wani ɗalibi a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ya tashi daga lamba 7 zuwa 79 bayan atisayen sama da awa 230. Ɗan tsere ne, sai yake mayar da lambobin zuwa lokutan gudu. Da aka ba shi haruffa, a kan shida ya tsaya.