Me za mu kira "centrist" da Hausa? Mu gwada da kayen da Lib Dem ta sha a 2015

1/ Jama'a, a taimaka mini da kalma. Masu fassara labaran ƙetare sun daɗe da samar mana "masu ra'ayin riƙau" da "masu ra'ayin sauyi" da "masu tsattsauran ra'ayi", kuma kunne ya saba da su. Amma in aka zo kan jam'iyyar da Bature ke kira centrist, wato wadda ke zaune tsakanin masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi, kowa da abin da yake faɗa, wani ma tsallake kalmar yake yi. Ina so mu tsayar da guda. Wasunku sun riga sun kawo shawarwari, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada mu yi ta gardama a iska, mu ɗauko labari na gaske mu aza kowace kalma a kansa mu ga wadda za ta ɗauka.

2/ Labarin shi ne na jam'iyyar Liberal Democrats (Lib Dem a taƙaice) ta Birtaniya. A zaɓen 2010 ta samu kujeru 57 da kusan kashi 23 cikin ɗari na ƙuri'u. Babu jam'iyyar da ta samu rinjaye, sai shugabanta Nick Clegg ya shiga gwamnatin haɗaka da Conservative ta David Cameron, aka ba shi mataimakin firaminista. Ranar 7 ga Mayu 2015 aka koma akwati, kujeru 57 suka koma 8. Ƙuri'u miliyan 6.8 suka koma miliyan 2.4. Washegari Clegg ya ajiye shugabancin jam'iyya.

3/ Abin da nake so a lura da shi, don shi ne zai taimaka mana wajen kalmar, shi ne waɗanda suka kwashe kujerun nan 49. Conservative, abokiyar mulkinta, ta ɗauki 27. Labour, babbar jam'iyyar adawa a lokacin, ta ɗauki 12. SNP ta Sikotlan ta ɗauki 10. Ta kowane ɓangare aka yage ta. Masu ra'ayin sauyi da suka zaɓe ta a 2010 don su tare wa Conservative hanya sun ga ta zama tsanin da Conservative ta taka, suka juya baya. Masu ra'ayin riƙau da gwamnatin ta yi musu daɗi suka ce to me ya sa za mu zaɓi ƙaramin abokin tafiya alhali ga mai gayya. Duk kalmar da za mu ɗauka dole ta nuna wannan zama tsakanin manya biyu.

4/ Ga kuma maganar kuɗin makaranta, wadda ita ce ba a yafe musu ba. Kafin zaɓen 2010 'yan takararsu sun sa hannu a takardar alkawari ta ƙungiyar ɗalibai cewa ba za su goyi bayan ƙarin kuɗin jami'a ba, har da hotuna riƙe da takardar. A Disamba ta wannan shekarar gwamnatin da suke ciki ta ɗaga iyakar kuɗin daga fam dubu uku da ɗoriya zuwa fam 9,000 a shekara. 'Yan majalisarsu 21 sun ƙi, amma Clegg da ministocinsa suka ɗaga hannu. A 2012 ya fito a bidiyo yana ba da haƙuri, masu barkwancin intanet suka yanka muryarsa suka mayar da ita waƙa, ta bazu fiye da ban haƙurin kansa.

5/ Daren zaɓen 2015 kuwa Twitter ta samu abin yi. Da ƙarfe goma aka fitar da hasashen da ake yi daga bakin masu fitowa rumfar zaɓe, ya ba su kujeru 10. Paddy Ashdown, tsohon shugaban jam'iyyar, yana zaune a BBC ya ce in hasashen nan ya tabbata zai cinye hularsa a bainar jama'a. Hasashen bai tabbata ba, don ko goman ba su kai ba. Aka kwana ana yawo da hotunan huluna, daga baya a wani shirin talabijin aka kawo masa kek mai siffar hula. Wasu kuma lissafin kuɗin ajiya suka kama: a can ɗan takara yana ajiye fam 500, in bai kai kashi 5 cikin ɗari ba kuɗin sun tafi, jam'iyyar ta yi asararsu a mazaɓu sama da 300. Cikin jiga-jigan jam'iyyar, Vince Cable ya faɗi, Danny Alexander ya faɗi, Charles Kennedy ma ya faɗi. A gefe guda dubban mutane suka yanki katin jam'iyyar cikin kwanakin da suka biyo baya, suna cewa ƙasar ta hukunta waɗanda suka riƙe wa Conservative linzami.

6/ To, mu fara da "masu matsakaicin ra'ayi", wadda ita aka fi ji. Matsalata da ita ita ce ta riga ta yi aure. Ita muke ba ɗan siyasar Iran da ba ya cikin masu zafi, ita muke ba malamin da ba ya tsanantawa. Hali take nunawa, wato rashin zafi. Ai cikin Conservative akwai masu matsakaicin ra'ayi, cikin Labour ma akwai su. In na rubuta "masu matsakaicin ra'ayi sun sha kaye a Birtaniya", mai karatu zai ɗauka masu tsattsauran ra'ayi ne suka ci, alhali Cameron ne ya ci.

7/ "Masu sassaucin ra'ayi" kuma mu bar ta wa liberal. Ita Lib Dem ta haɗa biyun, amma ba kowace centrist ce haka ba.

8/ Malam da ya kawo "'yan ba-ruwanmu", Allah ya gafarta Malam, wannan ba za ta yi ba. Da ita muka san ƙasashen da suka ƙi bin Amurka ko Tarayyar Sobiyet lokacin yaƙin cacar baka. Ɗan ba-ruwanmu janye jiki yake yi. Su kuwa waɗannan da ruwansu har wuya: shekara biyar suna riƙe da ma'aikatu, kuma suna bugun ƙirji da cewa su suka matsa aka ɗaga adadin kuɗin da ma'aikaci zai samu kafin haraji ya hau kansa. Wanda ya zauna a majalisar ministoci ba zai ce ba ruwansa ba.

9/ Na ga masu cewa "'yan raba ƙafa", wani ma ya ce "jemagu", ba su ga tsuntsu ba su ga dabba. Na yi dariya, kuma da ɗaliban Ingila na 2010 suna jin Hausa da hannu biyu za su karɓa. Clegg da kansa ya ba da ƙofa, domin a kamfen ɗin 2015 cewa ya yi jam'iyyarsa za ta sa wa gwamnatin Conservative zuciya, ta sa wa ta Labour ƙwaƙwalwa, wato duk wanda ya ci muna tare. Amma wannan zagi ne, kuma mai karanta labarai ba zai buɗe baki da zagi ba. Kalmar da muke nema ita ce wadda ɗan jam'iyyar zai iya kiran kansa da ita ba tare da ya sunkuyar da kai ba, abokin hamayya kuma ya faɗe ta yana taɓe baki. Raba ƙafa a bar wa masu sharhi a ƙarƙashin labari.

10/ Ko da yake, sunan tsokana yakan zauna. A juyin juya halin Faransa, inda maganar hagu da dama ta samo asali daga wurin zama a majalisa a 1789, 'yan majalisar da ba su tare da ɓangarorin biyu masu faɗa an riƙa kiransu da sunan da ke nufin fadama, kuma har yau haka littattafan tarihi ke kiransu. Mu ma a PRP ta jamhuriya ta biyu mun ga 'yan santsi da 'yan taɓo. Sai dai waɗannan a dandalin siyasa aka haife su, ba a teburin fassara ba.

11/ Hajiya ta ce me zai hana "'yan tsakiya", gajeriya ce. Gaskiya ne, Hajiya, amma ƙwallon ƙafa ya riga mu. Ki ce "'yan tsakiya sun watse a Ingila" ki ga in samari ba su tambaye ki wace ƙungiya ba.

12/ Ni dai ƙuri'ata tana kan "tsaka-tsaki". Jam'iyyar tsaka-tsaki, ɗan tsaka-tsaki, 'yar tsaka-tsaki, 'yan tsaka-tsaki, aƙidar tsaka-tsaki. Wuri take nunawa, kuma da ka ji ta ka san akwai abu biyu a gefe. Mu aza ta kan labarin: "Jam'iyyar tsaka-tsaki ta Liberal Democrats ta rasa kujeru 49." Ta zauna. Mai jimami zai ce "an bar ƙasa ba 'yan tsaka-tsaki", mai dariya ya ce "ga ƙarshen tsaka-tsaki nan". Ta kuma yi aiki a wajen Birtaniya, misali kan tafiyar da Emmanuel Macron ya kafa a Faransa a 2016.

13/ Wani ɗan'uwa ya ƙalubalance ni cewa ai muna cewa "ya tsaya tsaka-tsaki" ga wanda ya ƙi ɗaukar ɓangare a rigima, don haka mun koma gidan ba-ruwanmu. Akwai ƙamshin gaskiya. Amma in ka sa "jam'iyyar" ko "aƙidar" a gaba, ma'anar tana tsukewa, don babu jam'iyyar da ke shiga zaɓe don ta ƙi ɗaukar matsayi. Ɗan shakkun da ya rage kuma ba Hausa ce ta ƙirƙire shi ba, a jikin abin yake. Tambayar da masu zaɓen Birtaniya suka yi ta yi wa Clegg ke nan: kuna da aƙida ne, ko dai kuna jiran ku ga wanda ya ci? A 2024 jam'iyyar ta dawo da kujeru 72 ƙarƙashin Ed Davey, mafi yawansu daga hannun Conservative ta karɓo.

14/ Abin da ya rage shi ne 'yan uwanta biyu, centre-left da centre-right. "Hagu" da "dama" ba su kama a bakin Bahaushe ba, ko lokacin da Babangida ya kafa SDP da NRC a 1989 yana cewa ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama. Shawarata: "tsaka-tsaki mai karkata ga sauyi" da "tsaka-tsaki mai karkata ga riƙau". Sun yi tsawo ga kanun labari, na sani. Wanda ke da gajeru ya kawo, musamman 'yan uwa na Nijar, ku gaya mana yadda gidajen rediyonku ke faɗar su in suna fassara daga Faransanci.