An ga ƙari a ɗakin ruwan ƙwaƙwalwar ɗana, me ya sa sai an ƙara hoton MRI?

Baban Yaro, Gusau:
Assalamu alaikum. Ɗana wata 14 gare shi. Tun bayan ƙaramar sallah uwarsa ta lura hular da muka saya masa ta daina shiga, maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, kullum da asuba sai amai. Kakarsa ta ce haƙori ne. Sai da idanunsa suka koma kallon ƙasa, farin ya fito ta sama, muka garzaya asibiti. An yi hoton CT, likita ya nuna min wani curi mai ƙulu-ƙulu a ɗakin ruwa na hagu. Yanzu an ce sai MRI na kai da na baya, har da allura. Tumaki biyu na riga na sayar. Hoton farkon bai isa ba ne? Kuma ina ruwan baya da ciwon da ke kai?

Mai Ɗaukar Hoto:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba shi lafiya. Ɗakunan ruwa 4 ne a ƙwaƙwalwa, a cikinsu akwai wata tsoka mai yawan jijiyoyin jini da ke samar da ruwan, ana ce mata koroid fileksos. A yara ƙanana ƙari yakan tsiro daga jikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi mataki 3: na farko fafiloma, mai sauƙi, na uku kasinoma, shi ne dajin, kuma ba kasafai ake ganinsa ba.

CT ya yi aikinsa, ya nuna curin da ruwan da ya taru. Abin da ba ya nunawa da kyau shi ne ko ƙarin ya tsaya a cikin ɗakin, ko ya huda bango ya kutsa cikin naman ƙwaƙwalwa da kumburi kewaye da shi. Wannan sai MRI. Allurar kuwa gadoliniyom ce, tana sa ƙarin ya haska fes. Batun baya, ruwan nan ɗaya ne yake zagaya laka har ƙasa, ƙwayoyin ciwon kan bi shi su sauka. Gara a duba tun kafin aiki.

Maman 'Yan Biyu:
Ɗan'uwa, za su sa shi barci, don injin ƙara gare shi kamar ana dakan sakwara, kuma motsi kaɗan ke ɓata hoton. In sun ce kada a ba shi nono na wasu awanni, kada tausayi ya sa uwarsa ta ba shi a ɓoye. Mu haka aka ɗaga mana har mako guda. Ka karɓi faifan hoton ma, ba takardar sakamako kaɗai ba.

Likitan Yara:
Abu ɗaya zan ƙara, Malam. Duk kyan hoto, ba shi ke yanke hukunci ba. Fafiloma da kasinoma kan yi kama har su rikita ƙwararre. Sai an ciro ƙarin an duba namansa a ɗakin gwaji ake sanin sunansa na gaskiya, don haka kada kowa ya karya maka zuciya da takarda. Ƙarin yana da jini sosai, ka fara shirya 'yan'uwa masu bayarwa. Akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. In ya fara barcin da ba a iya tashinsa, ko jijjiga, kada ku jira ranar hoto.

Ka kuma tuna, akwai wanda daji ya kama da ƙuruciya a danginku? Kasinomar nan tana da alaƙa da ciwon gado na Li-Fraumeni.

Baban Yaro, Gusau:
Likita, ka sa jikina ya yi sanyi. Ƙanwata ciwon nono ne ajalinta tana da shekara 29, ko kusa ban kawo a raina in faɗa musu ba. Alhamis aka ba mu. Zan faɗa kafin a shiga da shi.