Za mu kai yara wurin wasa a Abuja a hutun Disamba, tun yaushe ya kamata a fara shiri?

Maman Walida, Tudun Jukun, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Maigidana ya yi wa yara alkawarin in sun yi ƙoƙari a makaranta zai kai su Abuja wurin wasa, irin mai lilo da motocin karo da jirgin ƙasan yara. Magic Land suka ƙwallafa rai a kai, wanda a da ake ce wa Wonderland, can wajen ƙofar shiga gari. Mu shida ne: ni da shi, yara uku (shekara 11, 7 da 3), sai ƙanwata da za ta taya ni riƙo. Kwana biyu muke so a hutun Disamba. Yanzu muna farkon Oktoba. Shi ya ce ba wani shiri, ranar kawai mu yi asubanci mu kama hanya, ni kuma hankalina bai kwanta ba. A kama masauki tun yanzu ko a bari? Jirgin ƙasa ko mota? Nawa ya kamata mu tanada? Ba mu da kowa a Abuja da za mu sauka wurinsa.

Anti Larai, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ki sauka gidan 'yan uwa kawai ki huta da kuɗin otal.

Maman Walida:
Anti ai na ce ba mu da kowa a can.

Alhaji Na-Hanwa:
In dai wurin wasa na gaske ake so, Dubai ce. Akwai Legoland da aka yi musamman don ƙananan yara, akwai kuma IMG da ke rufe cikin gini, zafi bai shafe ku ba. Amma irin wannan tafiya wata shida ma kaɗan ne. Kowane yaro sai da fasfonsa, har na goye. Biza kuma ba abin dogaro ba ce, kun dai tuna an daina ba 'yan Najeriya a 2022, sai a Yulin 2024 aka sake buɗewa. Global Village ma, wato wurin baje kolin ƙasashe da wasanni, lokacin sanyi kaɗai ake buɗe ta, wanda ya je da zafi ba zai gan ta ba.

Baban Khalifa, Samaru:
Alhaji, baiwar Allah Abuja ta ce.

Maman Walida, ga abin da na sani game da jirgi. Daga Rigasa a Kaduna yake tashi zuwa Idu a Abuja, yana tsayawa a Kubwa. Ba a sayar da tikiti watanni kafin tafiya, sai an kusa ake buɗewa ta intanet, kuma tun da jirgin ya dawo aiki a Disamban 2022 bayan harin da aka kai masa a Maris na shekarar, sai da lambar NIN. Abin da za ki yi yanzu shi ne ki tabbatar NIN ɗinki da nasa da na ƙanwarki suna hannu, sunayen sun yi daidai. Idan an buɗe sayarwa kuma kada a yi nawa, kujeru shida a tarago ɗaya a Disamba ba su jiran kowa. Ki lissafa da cewa daga nan zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne, ga cunkoson shiga Rigasa. Idu kuma bayan gari take, sai kun sake ɗaukar mota, mutum shida da kaya ba lallai tasi ɗaya ta ishe ku ba.

Hajiya Ummi, Gyallesu:
Maman Walida, ki saurare ni da kyau, don ni na ɗanɗana. Adashi na ɗauka gaba ɗaya na kai 'ya'yana da marayun yayata Abuja washegarin Babbar Sallah. Ba zan kama sunan wurin ba, ba kuma wanda kika ambata ba ne. Masauki wani ne ya tallata a Facebook, ɗaki biyu da falo, hotuna tsaf. Ya ce in tura rabin kuɗi don Sallah ce, ana rububi. Na tura. Mun isa da la'asar, lambarsa a kashe. Muka bi kwatancen, maigadin gidan ya ce mu ne iyali na uku da suka zo nemansa a ranar. Ina tsaye bakin titi da yara bakwai, magariba ta kawo kai, ƙaramar tana kukan yunwa. Daga ƙarshe wani ɗaki muka samu da kuɗi ninki biyu, muka kwana a ƙasa.

Da safe muka je wurin wasan. A ƙofa aka karɓi kuɗin shiga, ashe shiga kawai ce, kowane lilo da tikitinsa daban. Dambun nama da cincin da na kwana ina yi, aka ce ba a shiga da abinci. Layi kuwa ba a magana, rana tana dukan yara. Mun kusa kaiwa gaba aka ɗauke wuta, aka ce ana jiran man janareta. Da aka kawo, mai kula da lilon ya jingina Ahmad da wani katako mai zane, ya ce tsawonsa bai kai ba. Yaron da ya fi kowa ɗokin tafiyar nan. Ina cikin rarrashinsa na waiga ban ga Nana ba, marainiyar da aka ba ni amana. Wallahi har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Na zagaya wurin ina kiran sunanta kamar zautacciya, ba wanda ya taimaka da lasifika. Wata mata Bayarabiya ce ta tsince ta wajen masu sayar da askirim ta riƙe ta har na iso. Allah Ya saka mata da alheri duk inda take.

Anti Larai:
Innalillahi. Sannu Hajiya, Allah Ya tsare gaba.

Maman Sadiq, Wusasa:
Subhanallah, jikina har ya yi sanyi. Ni shi ya sa nake rubuta lambar wayata a takarda in sa wa kowane yaro a aljihu, kuma in sa musu kaya kala ɗaya.

Hajiya Ummi:
Amin. Kuɗin masaukin nan ko sisi bai dawo ba. Na je banki, aka ce in kawo takardar kotu. Ina ni ina kotu a kan abin da ya riga ya tafi? Ni dai na rantse, ba Abuja ba, ko Ƙofar Gamji ta Kaduna ba na kai yaro ranar biki.

Gwauron Kwangila:
Maman Walida, me zai kai ki Abuja? Ki ɗora su a acaɓa daga Kwangila zuwa PZ da yamma. Lilo, motar karo da jirgin sama duk a tafiya ɗaya, a farashi mai rahusa.

Maman Sadiq:
Kai dai Allah Ya shirye ka, ana maganar ɓatan yarinya kana wasa.

Malam Idi Direba, Dan Magaji:
Hanyar Abuja sana'ata ce, don haka ku ji daga gare ni. Mutum shida, shatar mota ta fi muku jirgi. A ɗauke ku a ƙofar gida, a ajiye ku a ƙofar masauki, yaro ya ce fitsari a tsaya. Ku tashi bayan sallar asuba, kada ku yarda dare ya yi muku a hanya, zuwa ko dawowa. Masauki kuma ku nema a Kubwa, dubu 25 za ku samu ɗaki mai kyau. Dubu 200 ta ishe ku komai da komai.

Maman Sadiq:
Dubu 25 a Disamba? Malam Idi, mu dubu 60 muka biya ɗaki ɗaya a Wuse, kuma ba wani na a zo a gani ba ne. Su ɗaki biyu za su kama saboda ƙanwarta. Kada ta fita da ƙasa da dubu 500.

Anti Larai:
Kai, ku ji tsoron Allah, kuna firgita yarinya. Mu da muka je, dubu 80 muka kashe har da tsaraba, ɗaki dubu 12 a Nyanya.

Baban Khalifa:
Anti, wace shekara kuka je?

Anti Larai:
2019.

Baban Khalifa:
To ai shi ke nan. An cire tallafin mai a Mayun 2023, duk farashin da ya girmi wannan lokacin ba ya cikin lissafi. Nyanya kuma, abin da aka rage a kuɗin ɗaki a cunkoso da kuɗin tasi za a biya shi.

Anti Larai:
Baban Khalifa, na aurar da 'ya'ya uku, na kai jikoki Kano gidan zu, na kai su Jos. Ba sai ka koya mini tafiya da yara ba.

Malam Idi Direba:
Ni abin da ke ba ni mamaki, wanda ya je sau ɗaya ya fi wanda ke kan hanyar kullum baki.

Maman Sadiq:
Malam Idi, kai kana kwana a tasha ne ko wajen abokai, ba ka taɓa neman ɗaki da mace da yara ba. Kuma mai mota ai ba zai ce a hau jirgi ba.

Malam Idi Direba:
Allah Ya ba ki haƙuri Hajiya, ban ce ta hau tawa ba.

Malama Binta, Kongo:
Ku bari in koma kan tambayar. Maman Walida, a ganina ke ce da gaskiya, amma ba komai ke buƙatar wata biyu ba. Kuɗi shi ne na yanzu, ki fara ware shi daga albashin wannan watan, don kina dawowa Janairu kuɗin makaranta na jiranki. Rana ita ce ta biyu: ku zaɓi tsakiyar mako da zarar an ba da hutu, ku kauce wa 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, ranakun nan kowane wurin wasa a cike yake. Masauki ya isa a kama shi saura mako uku ko huɗu, amma a kira otal ɗin kai tsaye, kuma in da hali a samu ko abokin aikin maigidan ne ya je ya gani da idonsa kafin a tura ko kwabo. Saura mako ɗaya ki kira wurin wasan ki tambayi abu huɗu: ƙarfe nawa suke buɗewa, kuɗin ƙofa ya haɗa da wasanni ko daban ne, ana shiga da abinci, da kuma waɗanne wasanni ɗan shekara uku zai iya hawa. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci, don yawancin manyan lilo da tsawo ake aunawa, autanki zai fi kallo ne. Shi ya sa nake ganin rana ta biyu ku kai su Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 2003, fili ne mai ciyawa, ku shimfiɗa tabarma ya yi gudunsa. Ko gidan dabbobin yara da ke Asokoro. Hunturu ne kuma, a tafi da rigunan sanyi saboda fitar asuba, da man shafawa. Abu na ƙarshe, kada ki faɗa wa yaran ranar tafiya sai komai ya tabbata.

Gwauron Kwangila:
Malama har da jadawali. Saura ki ba su aikin gida.

Maman Sadiq:
Ba yaran kaɗai ba Malama, kada ta faɗa wa kowa a dangi. Nan ne duk lissafi ke rushewa. Mu biyar muka shirya, ana gobe tafiya uwar mijina ta aiko da jikokinta uku da ledar kayansu, wai ai mota ɗaya ce. Ba wanda ya haɗo su da ko naira ɗari. Kowane lilo sai na biya na yara shida.

Hajiya Ummi:
Yo in ba ki tafi da su ba ai kin shiga uku, a ce kina nuna bambanci. In kin tafi da su wani abu ya samu ɗaya, ke ce dai. Da Nana ta ɓata, abin da ya fara zuwa raina shi ne me zan ce wa dangin ubanta.

Baban Khalifa:
Ku yi adalci mana. Yaron da ubansa ba shi da hali, in kawunsa bai ɗauke shi ba wa zai ɗauke shi? Mu ma haka aka yi mana, a motar baffanmu muka fara ganin Kaduna.

Maman Sadiq:
Ba ƙin zumunci muke ba. A faɗa da wuri, a kawo gudummawa ko kaɗan ce. Ku maza kuna cewa "ba komai, a taho da su", sannan ku zauna a inuwa da waya, mace ce ke bin yara takwas zuwa banɗaki.

Anti Larai:
Wannan gaskiya ne. Kuma gidan da ke da mata biyu abin ya fi haka, ɗaki ɗaya ya je, ɗayan ma sai ya je, ko da kuɗin babu.

Malam Idi Direba:
Na sha ɗaukar shata a ce mini mutum shida, in iso ƙofar gida in tarar da goma sha ɗaya, kuma a ce kada in ƙara kuɗi tunda yara ne.

Maman Walida:
Na gode ƙwarai, Malama Binta na rubuta naki. Hajiya Ummi sannu da wannan jarrabawa. Har yanzu dai ban gane ba, jirgin ko motar? Kuma maganar dangi ta riga ta wuce, Walida ta faɗa wa 'ya'yan yayan babanta tun makon jiya.

Maman Sadiq:
To ki sake lissafi da mutum tara. Su nawa ne a gidan yayan nasa?

Maman Walida:
Biyar.

Hajiya Ummi:
Ki sa maigidan ya je da kansa ya yi wa yayansa magana tun yanzu, kada a bar ki da ita. Mu a namu gidan duk abin da ya shafi kuɗi sai a turo mace ta faɗa, in an ji haushi ita za a ji wa. Bikin ƙanwar mijina ma haka aka yi mini da kuɗin anko.