Neman shawara: ina son sayen wuƙar kukuri, amma ina tsoron doka

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawararku. Aiki ne ya kawo ni Ingila, yau shekara uku ke nan. Tun ina yaro ina da sha'awar manyan wuƙaƙe na gargajiya, musamman kukuri, wato lanƙwasasshiyar wuƙar nan ta mutanen Nefal da sojojin Gurka suke ratayawa. Na ga wata a intanet, ruwanta inci 12, ƙotarta ta ƙahon ɓauna ce, mai sayarwa ya ce ƙirar hannu ce kuma zai aiko mini daga Katmandu. So nake in ajiye ta a gida, wani lokaci kuma in sassabe ciyawa da rassa a ɗan lambun da nake haya nesa da gida. Uwargida ta ce in na kuskura na sayo, 'yan sanda za su yi mana sallama. Gaskiyarta ne? Kuma ta yaya zan bambance ta ƙwarai da ta bogi?

Na Gefe: Wa alaikumus salam. Malam ka haƙura kawai, a ƙasar nan duk wuƙar da ta wuce inci 3 haramun ce. Ka ji maganar uwargida.

Ɗalibin Shari'a: Na Gefe, ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. In da haka ne, da kowace mace mai wuƙar yanka nama a kicin tana gidan yari. Maganar inci 3 ta fita da wuƙa waje ce, ba ta shafi abin da ke cikin gidanka ba.

Baban Yara, tambayarka ɗaya ce a baki, amma a wurin doka uku ce: mallaka, fita da ita, da shigo da ita ƙasa. Kukuri irin wadda ka kwatanta ba ta cikin jerin makaman da aka haramta, don haka babba mai shekara 18 ko fiye yana iya saye ya ajiye a gidansa. Inda ake samun matsala shi ne ƙofar gida. Sashe na 139 na dokar laifuka ta 1988 ya ce laifi ne a same ka da abu mai kaifi ko tsini a wurin jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Abin da aka ɗauke wa wannan shi ne 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, kuma ba ta kullewa idan an buɗe ta. Hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara 4, kuma babban da aka kama karo na biyu mafi ƙarancin abin da ake yanke masa wata shida ne.

Dalilan da dokar ta ambata da suna su ne aiki, addini kamar 'yar wuƙar da mabiya Sik suke ɗaurawa, da kayan gargajiya na ƙasa kamar wadda mutanen Sikotilan suke sokewa a safa. Zuwa lambu sassabe yana iya zama dalili, amma kai ne za ka gamsar da ɗan sanda, ko alƙali in abin ya kai can. Kada bakinka ya taɓa furta cewa don kare kai ka ɗauko ta, wannan ba hujja ba ce, ƙara jefa kanka za ka yi. Mota a kan titi ma wurin jama'a ce a idon doka. Kuma "na manta tana cikin but" ita kaɗai ba ta fid da mutum.

Baban Yara: To ai na ji ana cewa an hana takubba masu lanƙwasa. Kukuri kuwa a lanƙwashe take.

Ɗalibin Shari'a: Haka ne, tun 2008. Amma hanin ya shafi wanda ruwansa ya kai santimita 50 ko fiye, ana aunawa a miƙe daga bakin ƙota zuwa tsini. Taka mai inci 12 kusan santimita 30 ce, ba ta kai wannan tsawon ba. Ko a manyan ma an ɗauke wa waɗanda aka ƙera kafin 1954 da waɗanda aka ƙera da hannu bisa tsarin gargajiya.

Wadda nake so ka kula da ita ita ce dokar da ta fara aiki ranar 24 ga Satumba 2024, a kan wuƙaƙe da addunan da suke kira zombi. Ba ruwanta da sunan da mai sayarwa ya raɗa wa abin, siffa take dubawa. Idan ruwan ya wuce inci 8, yana da kaifi da tsini, sannan aka ƙara masa haƙoran zarto, ko huda fiye da ɗaya a jikin ƙarfen, ko ƙayoyi, ko tsini fiye da biyu, to ya shiga. Irin wannan ko a ƙarƙashin gadonka take laifi ne. Kuma akwai kukuri na zamani da ake yi wa zarto a baya da hudoji don ado. Ka guje su. Abin da na faɗa na Ingila da Wels ne, Sikotilan tana da 'yan bambance-bambancenta.

Mai Ƙira: Tunda lauya ya gama nasa, bari in taɓa ɓangaren ƙarfe, nan ne na fi ƙarfi. Maƙeran Nefal galibi da tsohon sifirin manyan motoci suke ƙera kukuri, ƙarfe ne mai jure duka. Na ƙwarai bakin kawai ake ƙarfafa wa, a bar bayan da ɗan laushi don kada ta karye in ta ci karo da icce mai tauri. Kusa da ƙota za ka ga wani ɗan yanka a gefen kaifi, suna ce masa cho, wannan asali ne, ba lahani ba. A kube kuma akwai 'yan ƙanana biyu, karda mai kaifi don ƙananan yanka, da cakmak marar kaifi don goge baki.

Tambayi mai sayarwa nauyinta da kaurin bayanta. Da yawa cikin waɗanda ake yi don baƙi nauyi ne da su kamar gatari, sara goma hannunka ya mutu. Na taɓa sayen wata daga wani shago da ba zan ambata ba, hoton kamar ka lashe, ƙota da kan zaki na tagulla. Ranar da na fara saran reshe da ita bakin ya naɗe kamar gwangwani, ƙotar kuma ta fara girgiɗi, ashe guntun ƙarfe ne kawai aka cusa aka liƙe da gam. Don haka ka tambaya ko wutsiyar ƙarfen ta ratsa ƙotar har ƙarshe an dandaƙe ta, ko kuma faffaɗa ce an ɗaure da ƙusoshi. Duka biyun suna aiki. Wadda ta tsaya a rabi ta rataye bango ce.

Ni da zan ba ka shawara, ƙotar icce ta fi ta ƙaho a ƙasar sanyi. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da ƙaho ya tsage, kuma yana santsi in hannu ya jiƙe. In za ka daɗe ba ka taɓa ta ba, fitar da ita daga kube ka shafa mata mai, fata tana riƙe danshi, tsatsa kuma ba ta jira. Wajen zarewa ka kama kuben ta baya, kada yatsunka su zagaye ɓangaren kaifi, don wani lokaci bakin yana keta kuben. Ina da tabo a ɗan alina da ke tuna mini.

Maman Biyu: Ni dai ina bayan uwargida ta wani ɓangaren. Sunanka ma Baban Yara. Ina za ka ajiye ta? In bango ne, yaro ɗan shekara shida ya san amfanin kujera. Akwati mai kwaɗo, makulli a hannunka.

Baban Yara: Hajiya kin yi gaskiya, wannan ban ma kawo shi a raina ba.

Ɗan Ci-rani: Mu nan Jamus ma kusan haka ne, sai dai ma'aunin daban. Wuƙar da ba ta naɗewa, ruwanta ya wuce santimita 12, ba a yawo da ita a waje sai da dalili, ko kuma a cikin abu a kulle. Bayan harin wuƙa da aka kai a garin Zolingen a 2024 kuma aka ƙara tsaurarawa, aka hana wuƙaƙe a wuraren bukukuwa da jiragen ƙasa masu dogon zango. Na faɗa ne don in za ka tsallaka da mota wata rana, kada ka ɗauka dokar can ce a nan. A jirgin sama kuwa jakar da ake aunawa take shiga, ba ta hannu ba.

Ɗalibin Shari'a: Saura na uku, shigowa. Jami'an kan iyaka suna buɗe kaya, kuma duk abin da suka ga ya faɗa jerin haramtattu za su ƙwace, kuɗinka ya tafi. Ka ce mai aikowa ya rubuta gaskiyar abin da ke ciki da tsawonsa, kada ya rubuta "kayan ado" don a samu sauƙi. Ka ajiye rasit da hotunan tallar. Ɓaunar gida da ake ƙota da ƙahonta ba ta cikin dabbobin da ake karewa, amma in wata rana sha'awarka ta kai ka ga tsofaffin wuƙaƙe, irin jambiyar Yaman da wasu ake yi wa ƙota da ƙahon karkanda, ko masu hauren giwa, wannan wata doka ce daban mai zafi, ta yarjejeniyar CITES, wadda ta taƙaita cinikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa da sassan jikinsu tsakanin ƙasashe. Mafi sauƙi a wurina ka saya daga dillali na cikin ƙasa, shi ya riga ya sha wahalar kwastam. Za a nemi shaidar shekarunka lokacin saye, a sake nema lokacin da aka kawo, kuma ba a barin irin wannan kaya a akwatin karɓar saƙo.

Na Gefe: To na janye. Amma ni har yanzu ina ganin almakashin yanke rassa ya ishe ka lambu.

Baban Yara: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na koma na duba hoton da kyau, ashe akwai hudoji uku a jere kusa da bayanta, da ban lura ba. Na fasa waccan. Na samu wata a wurin dillali a nan, inci 11, ƙotar icce, ba huda ba zarto, na kuma tura masa tambayar Mai Ƙira kan wutsiya da nauyi, ina jiran amsa. Akwatin na riga na sayo jiya. Lambu kuwa, Na Gefe, da almakashin zan riƙa zuwa. Uwargida ta karanta amsoshinku duka, ta ce makullin a wurinta zai zauna.