Yaya ake saka hayaniya a gwajin .tran na da'irar lantarki?

Ɗalibi, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum, malamai. Ina gwada da'irar kwamfareta (mai kwatanta voltej biyu) a ngspice, manhajar kwaikwayon da'ira ta dangin SPICE. Umarnin .noise yana ba ni adadin hayaniya a kowane firikwensi, amma idan na kunna .tran, gwajin da ke nuna sigina bisa lokaci, sai layin ya fito sumul, alhali a ainihin da'irar da ke kan tebur fitowar tana ɓari duk lokacin da sigina ta kusanci iyakar juyawa. Ta yaya zan sa hayaniyar ta bayyana a gwajin?

Malamin lantarki, Daura:
Wa alaikumus salam. Umarnin .noise yana ɗaukar da'irar a tsaye wuri guda, don haka ba ya ganin juyawar kwamfareta, shi kuwa .tran ba ya ƙara hayaniya da kansa. Sai ka jera tushen trnoise, wato tushen voltej mai fitar da hayaniya, da resistar da ta fi tasiri.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne girman da za a ba tushen. Hayaniyar zafi, wadda Johnson da Nyquist suka bayyana a 1928, ƙarfinta 4kTR ne a kowane Hz (k lambar Boltzmann ce, T zafi a Kelvin, R girman resista), wato kusan 4 nV/√Hz ga resista mai 1 kΩ. Idan tushen yana fitar da sabuwar lamba kowane 1 µs, faɗin zangon firikwensi ya kai 500 kHz, girman kuma ya zama kusan 2.9 µV. Da zarar ka sauya tazarar, dole ka sake lissafin, in ba haka ba sakamakon ba shi da amfani. Kafin ka amince da komai, haɗa resista da kafasita kaɗai ka duba ko ka sami √(kT/C), wanda ga kafasita C mai 1 pF yake kusan 64 µV, muddin tazarar ta fi RC (R sau C) ƙanƙanta sosai.

Injiniya, Tudun Wada:
Malam ya gama magana, sai dai a duba vntol, iyakar kuskuren voltej da manhajar ke lamunta, wanda asalinsa 1 µV ne. Hayaniya mai 2.9 µV ta yi kusa da shi, don haka a rage shi. Hayaniyar 1/f kuma, mai ƙaruwa a ƙananan firikwensi, tana cin lokaci, domin ganin 1 Hz yana buƙatar aƙalla daƙiƙa guda, wato taku miliyan ɗaya.

Ɗalibi, Ƙofar Ƙaura:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Zafin Katsina na watan Afrilu fa?

Malamin lantarki, Daura:
SPICE yana ɗaukar 27°C. A 40°C hayaniyar resista tana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari kawai, amma trnoise ba ya bin .temp, umarnin saita zafi, sai ka gyara lambar da hannunka.